Hatimi Biyu a Wuyan Tulu

Litinin, 19 ga Agusta, da yamma

Gobe Mista Yeom zai zo, mutumin kamfanin da ya ba mu takardar shaidar tsabta da tsarin aiki bara. Sau ɗaya a shekara suke zuwa su ga ko har yanzu muna yin abin da muka ce muna yi. Tun safe nake kan matan aiki, a wanke can, a goge nan, har Gwaggo Sun-rye ta ce in ban nemi wuri na zauna ba za ta ɗaure ni a jikin randa. Ita ba ta ga abin tashin hankali ba. Wai tun tana budurwa suke yin daddawar waken suya a tsakar gidan nan ita da marigayiya Mama, ba hula ba safar hannu, kuma ba wanda cikinsa ya taɓa murɗawa. Na ce mata babban kantin nan na Seoul ba ya sayen labarin da, takarda yake saye. In ba takardar, ba odar kyautar Chuseok, bikin girbi, kuma odar nan ce ke riƙe da ni da matan nan shida har wata shekara.

Baba yana can rumfarsa a gindin tudu. Ƙananan tulunan da za mu zuba daddawar kyautar, tun kafin ruwa ya sauka ya gasa su, ya lulluɓe da ciyawar shinkafa, ya hana kowa leƙawa. In na tambaya sai ya ce, "Shugaba, kwantar da hankalinki, kayanki ba su da ƙafa." Tun ranar da na buga katin kamfani yake kirana Shugaba, don tsokana. Takardar shaidar kuwa cewa yake bango kawai take yi wa ado.

Yau sau biyu cokali yana faɗuwa daga hannunsa. Na yi kamar ban gani ba, ya yi kamar bai san na gani ba.

Ya sa Gwaggo ta goge masa farar rigarsa. Ban san ina za shi ba.

Talata, 20 ga Agusta, bayan faɗuwar rana

Ya zo, ya tafi. Baba bai ci abinci ba.

Laraba, 21 ga Agusta, da sassafe

Bari in rubuta, ko kaina ya sarara.

Komai ya tafi daidai. Mista Yeom ya duba ɗakin zubawa, ya duba sanyin firiji, ya tambayi matan nan yadda suke wanke hannu suka amsa kamar 'yan makaranta. Ya ƙi cin abincin rana, wai dokarsu ce, shayin sha'ir kawai ya karɓa. Yaro ne mai ladabi, da kyar in ya kai sa'an ƙanena. Ya zaro biro ke nan zai sa hannu sai ga Baba ya hauro tudun cikin farar riga, rungume da wani abu a naɗe cikin ƙyalle.

Ya sunkuya ya gaishe da yaron nan kamar wani babban baƙo. Ya warware ƙyallen. Tulu ne, mai kyau, irin wanda in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa. A wuyansa akwai hatimin Baba, Tak Bong-chun, kamar kullum. A gefensa kuma ga tambarin kamfanin su Mista Yeom, da ɗan tambarin hukumar da ke sa musu ido, duk a dangwale cikin yumɓu, an gasa su tare da tulun.

Kunnuwan Mista Yeom suka yi ja. Ya karɓi tulun da hannu biyu, ya yaba aikin, ya mayar wa Baba, sannan ya juyo ya kalle ni.

"Shugaba, wannan ɗaya ne kawai, na ajiya a gida, ko?"

Baba ne ya amsa, yana murmushi. "Duka ɗari biyun ne. Ban tsallake ko ɗaya ba."

Abin da ya biyo baya ba sai na rubuta ba, ina wurin.

An ba mu zuwa tsakiyar watan gobe mu gyara. In ba haka ba za a dakatar da takardar.

Alhamis, 22 ga Agusta, da rana

Na ɗauko littafin dokokin amfani da tambarin na sake karantawa, duk da na san shi kamar tafin hannuna. Ana iya sa tambarin a kan katin kamfani, da takardar wasiƙa, da ɗan littafin talla, da shafinmu na intanet. Ba a sa shi a jikin kayan sayarwa, ba a sa shi a jikin abin da aka zuba kayan. Dalilinsu shi ne tsarin aikinmu suka duba, ba daddawar suka ɗanɗana ba, kada mai saye ya zaci sun tsaya wa abin da ke cikin tulun. Ba a zana shi da hannu. Ba a raba shi da lambar takardar. Sai an bar masa fili a kewaye, kada wani tambari ya taɓa shi. Na hukumar kuwa ya fi tsanani, su ma kamfanin aro aka ba su.

Ba doka ɗaya da Baba ya bari bai taka ba. Har lambar ya cire, na san cewa zai yi ta yi ƙanƙanta, za ta ɓata wuyan tulun.

Kuma ni ba na ganin laifin dokar. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da wani ne ya yi, da ni ce ta farko da zan ce a hukunta shi.

Na ninke shafin na ajiye littafin kusa da kwanon shinkafarsa. A raina na ce ya karanta ya ga ba ni na ƙirƙira ba. Da na dawo ɗaukar kwanukan, littafin ba ya wurin, shinkafar tana nan.

Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi

Gwaggo ta tare ni a tsakanin randuna ta wanke ni tas. Ba ta ɗaga murya ba saboda matan aiki, amma ba ta rage mini komai ba.

"Ke Gyeong-ae, a gidan wa kika koyi karɓar abu daga babba da hannu ɗaya? Hannu ɗaya fa. Kika fizge, kika juya fuskar tulun ga bango kamar ya kawo abin kunya."

Na ce mata raina ne ya ɓaci, zuciya ce ta ɗebe ni.

"Zuciyar ce ta ce masa, 'Wa ya aike ka? Ka tsaya a kan yumɓunka'? A gaban yaron da bai fi sa'an ɗansa ba? Yayana ne, na san shi kafin ki san shi. Ko uwarki bai taɓa ce wa miyarta ta yi daɗi ba, sai dai ya miƙo kwano a ƙara. To kwanon ne ya miƙo miki, ke kuma kika buge hannun."

Ban tuna na ce ya tsaya a kan yumɓunsa ba. Na tambayi ɗaya daga cikin matan a fakaice, ta sunkuyar da kai, na gane na faɗa.

Yanzu Shugaba yake ce mini ba dariya a ciki. Ina kwana Shugaba, na gode Shugaba. Ashe da tsokanar da ba tsokanar akwai nisa.

Litinin, 26 ga Agusta, da yamma

Na buga wa Mista Yeom. Na tambaye shi ko za mu iya liƙa takarda a kan tambarin, ya ce ya riga ya tambayi ofishinsu, takarda ana ɓare ta. Na ce to fenti. Ya ce fenti a jikin tulun abinci wata matsalar ce daban. Hanya biyu ce kawai, ko a goge tambarin yadda ba zai dawo ba, ko tulunan kada su fita daga gidan nan da sunan kaya. In ajiye su muka yi a gida ba ruwan kowa.

Kafin ya ajiye ya ce a gaishe da dattijo, wai bai taɓa ganin an sassaƙa tambarinsu da kyau haka ba. Na ji kamar in zage shi, alhali shi ma ba laifinsa.

Tulunan ba za su iya zama a gida ba. Kantin sun riga sun buga a littafin kyaututtukansu cewa daddawar tana zuwa cikin tulun ginin hannu.

Gwaggo ta tambaye ni me yaron ya ce, na faɗa mata.

Laraba, 28 ga Agusta, da rana

Gwaggo ta raka Baba asibiti karɓar magani, ni kuma na sauka rumfar. Rabona da shiga tun watan Mayu, tun ranar da muka dawo daga wurin likitan da ya duba hannun Baba muka yi ta hirar farashin gishiri a mota.

Na yaye ciyawar. Suna nan a jere, kowanne da ɗan bambancinsa. Na ɗauki ɗaya, na ɗauki wani, na ɗauki wani. A kan kowanne hatiman biyu suna taɓa juna, bakin nasa ya ɗan hau kan nawa. Da farko na ce hannunsa ne ya yi rawa. Amma hannu ba ya rawa iri ɗaya sau ɗari biyu.

Nawa na rubuta. Ba nawa ba ne, na kamfanin mutane ne, amma na san yadda shi ya ɗauke shi.

A kan teburinsa na ga katina an kafe shi da ƙusa, ya yi baƙi da yatsu, ga gilashin ƙara girman rubutu, ga guntayen itace wajen goma da ya fara sassaƙawa ya ɓata. Mutumin da maɓallin riga ke ba shi wahala. Sai yanzu na gane filastar da na yi ta gani a yatsunsa lokacin bazara, da na tambaya ya ce ƙaya ce.

Hatimin sunan nan ba ya yarda komai ya zauna kusa da shi. Na tuna wani mai gidan abinci da ya so a ƙara sunan shagonsa a jikin randa, Baba ya ce ya je ya sayi bokitin roba ya rubuta.

Ba yadda za a goge ɗaya a bar ɗaya. Na gwada da farce kamar wata sakarya.

Juma'a, 30 ga Agusta, da safe

Na tsaya a ƙofar ɗakin Baba da shayi har ya huce. Na koma na zubar.

Lahadi, 1 ga Satumba, da yamma

Mun je yanke ciyawar kabarin Mama kafin biki. Bana ni na riƙe injin. Baba ya zauna a kan tabarma yana nuna inda na tsallake da sandarsa, ba magana. Da muka gama ya zuba mata giyar shinkafa, rabi ya zube a wandonsa, Gwaggo ta ce ai dama Mama ba ta son ya cika mata kofi. Ya ɗan yi dariya. Nan ne ya kamata in yi magana. Kalmomin suna bakina, amma ina kallon ƙeyarsa sai na juya na hau tattara ciyawa.

A hanyar dawowa dabara ta zo mini. Akwai wata masana'anta da ke da tuluna irin girman nan a ajiye, na inji ne amma ba su da muni. In kantin suka yarda a canza, su sa 'yar takardar ban haƙuri a cikin kwalin, sai na Baba su zauna a gida yadda suke. In yi musu kanta a ɗakin baƙi. Ba mai taɓa su.

Ban faɗa wa kowa ba. Ina so in zo masa da magana ƙarasasshiya, ba wataƙila ba. In gaskiya zan rubuta, ina so in shigo da abin a hannuna yadda ba sai na ce yi haƙuri ba.

Talata, 3 ga Satumba, a cikin motar Seoul

Na ce musu taron kantin zan je. Baba ya ce, "A sauka lafiya, Shugaba." Littafin dokokin yana aljihun rigarsa, na ga kansa ya leƙo.

Laraba, 4 ga Satumba, da yamma, a masauki

Sun yarda. Jiya matar da ke kula da odarmu ta ce sai maigidanta ya dawo, yau na zauna a gabansa na sunkuyar da kai har wuyana ya ƙage. Ya ja rai, ya rage wani abu daga kuɗin da za su biya mu, amma ya yarda.

Na ɗauki waya in kira gida, na ajiye. Irin wannan magana ido da ido ake yin ta. Gobe zan tsaya a tashar hanya in saya masa 'yan kek ɗin nan masu gyaɗar bishiya a ciki, yana son su da ɗumi.

Rabona da jin yunwa irin ta yau har na manta.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na dawo. Rubutu ba yau ba.

Juma'a, 6 ga Satumba, da rana

Jiya tun daga bakin hanya na ji ƙarar. Ɗan injin nan ne mai faifai da ake wasa lauje da shi. Na ajiye jakata a tsakar gida na gangara, ledar kek tana hannuna.

Sun shimfiɗa tabarma a gaban rumfar. Gwaggo ta matse tulu a tsakanin gwiwoyinta ta riƙe da hannu biyu, Baba ya ɗaure hannunsa na dama a jikin injin da tsumma don kada ya kuɓuce. Jar ƙura ta rufe su har gira. A bayansu tulunan ne a jere, kowanne da faci mai haske a wuya, kamar tabon ƙuna. Wanda ke hannun Gwaggo shi ne na ƙarshe. Ina tsaye ya gama shi.

Ya kashe injin, ya sa haƙori ya kwance tsumman. Hannun ya ci gaba da rawa shi kaɗai a kan cinyarsa.

"Kin dawo," ya ce. "Littafin ya ce yadda ba zai dawo ba. To ba zai dawo ba. Na bi su sau biyu, ban tsallake ko ɗaya ba. Ba wanda zai kama ki."

Na ce, "Baba, sunanka."

"Suna ba ya riƙe daddawa. Tulun bai ji komai ba, ƙwanƙwasa ki ji."

Na ƙwanƙwasa. Ya amsa.

Ya ga ledar, ya miƙo hannu, na ba shi da hannu biyu. Ya ci ɗaya ya ce sun huce.

Da ya shiga wanka na bi layin tulunan ina juya su ɗaya bayan ɗaya, ko ya manta wani. Bai manta ba. Har wanda ya kawo wa Mista Yeom, wanda na ɓoye a ƙarƙashin teburin ofis, ya nemo shi. Hatimin itacen da ya sassaƙa kuma Gwaggo ta ce tun daren Talata ya jefa a murhu.

Na faɗa wa Gwaggo abin da ya kai ni Seoul. Ta kalle ni, ƙurar tana nan a gashinta. Na zaci za ta yi mini faɗa, da ma ta yi.

"Tun yaushe kika san wannan hanyar?"

Na ce tun ranar kabari.

Ta share fuskarta da gefen riga. "To ki ji. Kada ki kuskura ki faɗa masa. Kwana biyu mutumin nan yana goge sunansa yana ganin ya cece ki. Ki bar masa wannan."

Litinin, 9 ga Satumba, da safe

Na tura wa Mista Yeom hotuna. Ya amso cewa an rufe maganar, takarda tana nan daram, ya gode da saurin gyara. Na soke odar masana'anta, na sanar da kantin cewa tulunan ginin hannu ne za su zo kamar yadda aka buga. Sun ji daɗi ƙwarai. Kowa ya ji daɗi.

Matan nan sun ɗaura wa kowane tulu jar igiya a wuya don ta rufe tabon. Ya yi kyau, har haushi ya ba ni.

Laraba, 11 ga Satumba, da yamma

Mota ta kwashe tulunan. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa har ta sha kwana. Da ya juyo ya ce, "Gyeong-ae, akwai sauran shayi?"

Ya kira sunana. Na shiga kicin na daɗe kafin in fito.

Litinin, 16 ga Satumba, jajiberin Chuseok, da la'asar

Muna zaune a falo, Gwaggo tana soya wainar biki, Baba yana ɓare ƙananan 'ya'yan itace masu taurin ɓawo da za a jera wa kakanni gobe. Aikinsa ne kowace shekara, ba mai karɓar wuƙar daga hannunsa, ko da yake tun rana bai ɓare fiye da cikin tafi ba. Wayar kamfani ta yi ƙara. Hannuna da gari, sai na danna ta yi magana a fili.

Wata dattijuwa ce daga Busan. Surukinta ne ya aiko mata da kyautar. Ta ce daddawar ba laifi, amma ita tulun ne ya sa ta kira. Irin wannan ginin rabonta da gani tun a gidan kakarta. Ta kwance igiyar, ta juya shi, ta duba gindinsa, ba ta ga sunan magini ba, sai wani wuri da aka kankare.

Na ce mahaifina ne ya gina. Na faɗi sunansa cikakke, ta sa na maimaita don ta rubuta.

Ta ce to baɗi a ajiye mata guda goma, ko ba daddawa, za ta raba wa 'ya'yanta. Kuma don girman kakanni a ce masa ya riƙa sa sunansa, abu mai kyau haka bai kamata ya fita kamar maraya ba.

Tun watan Mayu ba wanda ya furta maganar hannun Baba a gidan nan, ko a littafin nan ban rubuta ba. Na ce mata, "Ki yi haƙuri, Uwa. Waɗannan ne na ƙarshe."

Gwaggo ta bar waina tana ƙonewa. Baba bai ɗago ba. Ya ajiye wuƙar a kan faranti, ya turo mini ita da kwanon.